In ka faɗa ruwan sanyi daga jirgi

Jama'a, masu shiga jirgin ruwa ko kwalekwale da hunturu, ga shawara.

Da yawa suna zaton daskarewa ce ke fara kashe wanda ya faɗa ruwa. Firgitar jiki ce. In ruwa ya gaza digiri 15, yana taɓa ƙirjinka sai ka ja numfashi da ƙarfi ba da sonka ba, in kuwa kanka na ciki, ruwa ka shaƙa. Sai haki ya biyo baya. A nan kada ka ce za ka yi iyo, ko da kai gwani ne. Kwanta rigingine, baki da hanci a waje, har numfashi ya daidaita.

Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da 1-10-1: minti 1 na shawo kan numfashi, minti 10 da hannu zai yi maka aiki, sai kamar awa 1 kafin sanyi ya sumar da kai. Mintunan nan 10 su ne jarinka. Koma jirgin, in ya kife ka hau bayansa, domin da yatsu sun sandare ko igiya ba za ka iya riƙewa ba. Awa 1 ɗin kuma sai ga mai rigar ceto a jiki, ba wanda ya ajiye ta ƙarƙashin benci ba.

In fita ta gagara, kada ka tuɓe kaya. Naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, ka matse hammata.

Mai ceto kuma, ka tsamo shi a kwance, a hankali. Cire jiƙaƙƙun kayan, lulluɓe shi da bargo, kada ka murza masa hannu ko ƙafa, a kai shi asibiti.