Jijiyoyin ƙafa masu kumbura: yadda ake bi har a kai ga opirasiyo

Innata ta yi shekaru tsaye bakin kaskon suya nan Tawa, jijiyoyin bayan ƙafarta suka fito suka nannaɗe kamar igiya, da marece ƙafa ta yi nauyi, idon sawu ya yi baƙi yana ƙaiƙayi. Likitoci baris suke ce ma ciwon. Cikin jijiya akwai ƴan ƙyamare masu hana jini komawa ƙasa, in sun saki sai jini ya taru. Yawan tsayuwa, ciki, ƙiba da gado duk suna kawo shi.

Ku fara da CSI, ƙaramar likita ta unguwa, majo ya duba ya ba ku takarda zuwa CHR, babbar likita ta jaha, in aikin ya fi ƙarfin nan sai Yamai, Lopital Nasiyonal ko Lopital Referans.

Abin da nike roƙonku, kada a taɓa ƙafar nan sai an yi eko Dopla, wato hoton da na'ura ke ɗauka na yadda jini ke gudu cikin jijiyoyi. Shi ka nuna ko manyan jijiyoyin can ciki buɗe suke, don in sun toshe to waɗanga na sama da kuke son a cire su ne hanyar jinin, cire su ƙara ciwo ne. Bayan nan analiz na jini, sai ganin likitan allurar kashe jiki, ku gaya mishi komi, tansiyo, suga, aspirin in kuna sha. Kuɗɗin aiki da na ordonansi ku tambaya tun kafin a ba ku rana.

Ranar aiki ba ci ba sha tun tsakar dare. Inna tana tsaye likita ya bi jijiyoyin da alƙalami yana zanawa, don in an kwanta ɓacewa suke. Allura a baya, ƙugu zuwa ƙasa ya mutu amma ido biyu, ƴar tsaga a matsematsi, wata wajen gwiwa, a zare jijiyar.

A gida bandeji da safar roba mai matsewa, e akwai zafi a garin nan amma a daure. A riƙa takawa kaɗan kaɗan, in an kwanta a ɗora ƙafa bisa matashi. Sha-raɓa in ta kumbura tana ciwo ko numfashi ya sarƙe, a koma likita nan take ko da dare ne.

Mai ciki ta dakata, sau da yawa suna raguwa bayan haihuwa. Kuma don Allah ban da tsaga ko ƙahon wanzami a wurin. In jijiya ta fashe, kwanta, ɗaga ƙafa sama, danne da tsumma mai tsabta har a kai ka likita.