Kurakuran da aka fi yi wajen auna Wi-Fi da gyara shi

Kuskuren farko shi ne a buɗe Speedtest, manhajar auna gudun intanet, a ga lamba ta yi ƙasa, a ɗora wa Wi-Fi laifi. Wannan gwajin duk hanyar yake aunawa, har da layin kamfanin intanet. In Wi-Fi kaɗai ake son aunawa, a haɗa kwamfuta ɗaya da rauta (na'urar da ke watsa Wi-Fi) ta kebul, a kunna iperf3 (manhajar auna gudu tsakanin na'urori biyu) a kanta a matsayin saba, wato mai amsa gwajin, sannan a gwada daga laftof ɗin da ke kan Wi-Fi. A maimaita ɗaki-ɗaki, musamman lokacin da kowa ke kai. Lambar gudun haɗi da na'ura ke nunawa kuwa, kamar 866 Mbps (megabit a daƙiƙa), ba ita ce ke isowa hannu ba; yawanci rabinta ko ɗan fiye da haka ake samu.

Sandunan sigina ma ba abin dogaro ba ne. A duba dBm, ma'aunin ƙarfin sigina: -67 ya isa kiran bidiyo, -80 kuwa yankewa za ta yi ta yi. Duk ragin 3 dB, rabin ƙarfin ne ya tafi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne zangon 2.4 GHz, ɗaya daga cikin zangunan rediyon da Wi-Fi ke aiki a kai. Tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, a faɗin 20 MHz. Wanda ya zaɓi 3 don ya guje wa cunkoso ya shiga tsakanin 1 da 6, yana damun su, suna damun shi. Faɗaɗawa zuwa 40 MHz a nan ƙarin rikici ne kawai. Duk na'urar da ta iya, a mayar da ita 5 GHz, amma a tuna bango ya fi cinye shi.

Ƙure ƙarfin rauta ma ba magani ba ne. Waya za ta ji rauta daga nesa, amma rauta ba za ta ji muryar wayar ba. Gara a rage ƙarfin, a ƙara na'urar watsawa ta biyu, a ja mata kebul. Na'urar maimaita sigina mai rediyo ɗaya tana raba gudun kusan biyu, domin a tasha ɗaya take karɓa, take turawa.

A fitar da rauta daga cikin kabad, a ɗaga ta sama, nesa da ƙarfe. In gwaji ya tsaya cak a kusan 94 Mbps, a duba kebul: igiya ɗaya da ta tsinke a ciki kan sauke gigabit (1000 Mbps) zuwa 100 Mbps.