Mu ba mu canza awa a Nijar, to amma sabar taka tana ina?

Nan Yamai in ka tada maganar canjin awa sai a ce maka ai wannan rigimar Turawa ce, mu muna kan UTC+1 rani da damina, wato awa ɗaya gaba da UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi. Haka ne, amma sabar da ka ɗauko haya, wato kwamfutar da manhajarka ke gudana a kanta, ba a Yamai take kwana ba.

Ni da kaina na taɓa afkawa. Na haɗa ma wani kantin magani a Tawa manhajar lissafi, sabar tana Faransa, agogonta na kan Europe/Paris, ko kallonsa ban yi ba. A Disamba muka soma aiki komai lafiya lau, don daga ƙarshen Oktoba har ƙarshen Maris awar Paris da tamu ɗaya ce, ba yadda za a yi ka gane. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris suka tura agogo gaba suka koma UTC+2, shi kenan duk cinikin da aka yi bayan 11 na dare ya riƙa faɗawa cikin lissafin washegari, yau kuɗi sun yi rara gobe sun gaza. Alhaji ya kira ni ya ce ɗana zo ka duba, jika 14 sun yi ƙafa, ga yaron da ke kwana kanti tsaye yana ta rantsuwa, saura kaɗan a sallame shi a banza wallahi.

Gyaran shi ne komai ya shiga rumbun bayanai da UTC, sai wajen nunawa ka juya shi zuwa Africa/Niamey. In rumbun bayananka PostgreSQL ne, wajen ajiye lokaci ɗauki nau'in timestamptz, shi timestamp zalla lambobin da ka ba shi kawai yake ajiyewa, bai san na wace ƙasa ba ne. A MySQL kuma TIMESTAMP ke juyawa zuwa UTC, DATETIME ba ruwansa.

Daren canjin ma kansa tarko ne. A awar Paris, a Maris daga ƙarfe 2 ake tsallakawa 3, wato 2:30 babu ita sam. A Oktoba daga 3 ake komowa 2, sai 2:30 ta zo sau biyu, in da DATETIME ka ajiye ba mai iya ce maka wace ce ta farko. Aikin cron (wanda sabar ke tayarwa da kanta a lokacin da aka tsara) da ka sa a wannan tsakanin yana iya ƙin tashi ko ya tashi sau biyu, ya danganta da irin wanda kake da shi, gara ka mai da agogon sabar UTC ka huta.

In ɓarnar ta riga ta faru kada ka yi gaggawar rage ma dukan teburin bayanan awa guda, za ka lalata layukan Nuwamba zuwa Maris da suke daidai. Yi kwafi tukuna, sannan ka bar umarnin AT TIME ZONE 'Europe/Paris' ya yi lissafin layi bayan layi.

Sai masu rubuta +2 da hannu cikin kod, don Allah a daina, a sa sunan yanki irin su Europe/Paris. Amurka tana canza tata Lahadi ta biyu ta Maris, Turai sai ta ƙarshe, Masar kuma da ta bar abin ta sake dawo da shi a 2023, wanda bai sabunta tzdata (kundin awannin ƙasashe da kwamfuta ke dogara da shi) ba a shekarar agogonsa na Alƙahira ya yi ta latti da awa ɗaya.