Yadda Ake Kallon Zane Mai Harshen Damo

Mutumin Damagaram ba baƙon zane ba ne; duk wanda ya ratsa Birni ya ga adon da magina suka yi wa fuskar gidaje. Amma da an nuna masa zanen zamani a waya, sai ya ce shirme ne, alhali bai tsaya ya kalla ba. Mu gwada da zanen Guernica, wanda mai zane ɗan Sifaniya Pablo Picasso ya zana a 1937, bayan jiragen Jamus da Italiya sun yi wa garin Guernica na Sifaniya ruwan bama-bamai.

Da farko kar ka karanta sharhin kowa. Nemo hoton zanen a waya, ka juya wayar a kwance, domin faɗin zanen ya kusa mita 8, ka ga inda idonka ya fara sauka. Babu launi sai baƙi da fari da ruwan toka. Yaƙi ne, amma ko ɗigon ja babu.

Sai ka faɗi abin da ka gane: bijimi, doki ya wage baki, uwa rungume da gawar ɗanta, wata cikin gobara hannuwa sama.

Yanzu ja hoton da yatsu biyu, nan aikin yake. Jikin dokin cike yake da ƙananan layuka masu kama da rubutun jarida, kuma a jarida Picasso ya karanta labarin harin yana Faris. Abin da ke saman dokin ƙwan lantarki ne, amma siffar ido gare shi, wasu kuma fashewar bam suke gani. Dab da shi wata ta miƙo fitilar ƙwai ta taga. Haske biyu wuri guda, me ya kawo haka? Can ƙasa ga datsattsen hannu riƙe da karyayyen takobi, da ɗan fure a gefensa wanda mai gaggawa ba ya gani.

Bijimin fa, azzalumi ne ko mutanen Sifaniya ne? Masana ba su daidaita ba, kai ma ba dole ka zaɓi ɗaya ba. Sharaɗin dai, duk fassarar da ka kawo ka iya ɗora yatsa kan abin da ya sa ka faɗe ta. A ganina wanda ya kasa haka son ransa yake faɗi.

Daga nan kai shi fada lokacin shayi, ka ɓoye sunan zanen da tarihinsa, kowa ya faɗi nasa tukuna, sannan ka ba su labarin 1937 su sake kallo.