Yadda ake tace gahawa da ƙyalle a gida

A Maradi, idan aka ce kafe, abin da yawancin mutane suka sani shi ne garin Nescafé da mai shayi yake kaɗawa da madara ya miƙo tare da burodi. Gahawar da aka daka ƙwayarta aka tace da ƙyalle daban take wajen ƙamshi da ɗanɗano, kuma duk wadda ta taɓa tace gasarar koko ta riga ta san rabin aikin.

Ba a noman gahawa a Nijar, saboda haka duk ƙwayar da za a samu daga waje take. Ta Kodibuwa galibi irin robusta ce, mai ɗaci, wadda sinadarinta mai hana barci ya kai kusan ninki biyu na irin arabika, wadda asalinta ƙasar Habasha ne. A sayi soyayyar ƙwaya, a shinshina kafin a biya. A daka iya abin da za a sha a ranar, a turmin da bai taɓa ganin yaji ko daddawa ba, domin gahawa tana ɗaukar warin duk abin da ta raɓa. Kada dakan ya yi laushin garin tuwo. Ya tsaya kamar yashin gulbi, don gari mai laushi yana toshe ƙyalle.

Shi ƙyallen ya zama na auduga zalla, kamar akoko, marar rini. Tela zai ɗinka shi kamar ɗan aljihu mai tsini a ƙasa, a zura zoben waya a bakinsa, a bar masa mariƙi. Kafin a fara aiki da sabo, a tafasa shi minti 10 don sitacin da ke jikinsa ya fita.

Awon da ya fi daidai shi ne giram 15 na gari, wato kimanin babban cokali uku, ga ruwa kwatan lita. Idan ruwa ya tafasa, a sauke butar daga kan gawayi a bar ta ta huce na kusan minti 1, domin zafin da ake so tsakanin digiri 90 ne da 96. A jiƙa ƙyallen da ruwan zafi, a matse, a ɗora shi a bakin kofi, a zuba garin a daidaita samansa. Da farko a ɗiga ruwa kaɗan, iya wanda zai jiƙa garin, a jira daƙiƙa 30. Za a ga ya kumbura yana kumfa, iskar da suya ta bari a ciki ce take fita. Daga nan a riƙa zuba sauran a hankali, siriri, ana kewayawa daga tsakiya, ba tare da an watsa a jikin ƙyallen ba, don ruwan da ya bi ta gefe ba ya ɗauko komai. Butar shayi mai siririn baki ta dace da wannan ƙwarai. Cikin minti 3 zuwa 4 a gama. Idan ta fito salam, dakan bai yi ba. Idan ɗaci ya yi yawa, dakan ya wuce kima. Kuma kada a matse ƙyallen kamar na koko.

Inda na fi so a kula shi ne wankin ƙyallen, domin a nan ne yawancin masu farawa suke ɓata gahawarsu ba su sani ba. Ƙyalle yana barin man gahawa ya wuce fiye da takardar tacewa, shi ya sa take yin kauri a baki, amma man da ya maƙale a zare yana lalacewa ya yi wari, musamman a zafin watan Afrilu da Mayu. Da an gama a zubar da dusar, a ɗauraye da ruwan zafi, ban da sabulu ko omo, don ƙamshinsu ba ya fita daga zare. Mai firji ya ajiye shi cikin ruwa mai tsabta a rufe, yana sauya ruwan kullum. Wanda ba shi da shi ya shanya ya bushe ƙarau inda ƙurar hunturu ba za ta hau ba, ya kuma tafasa shi duk mako. Ranar da ruwa ya fara jinkirin sauka ko da an tafasa ƙyallen, sai a koma wurin tela a ɗinko sabo.