Yadda Za Ka Nazarci Muhawarar Yahudawa da Kiristoci kan Ayoyin Almasihu

Idan kana son fahimtar saɓanin Yahudawa da Kiristoci game da ayoyin Almasihu a littattafan Ibrananci, waɗanda Kiristoci ke kira Tsohon Alkawari, ka fara bincika aikin da kowane ɓangare yake jiran Almasihu ya yi, domin a nan ne hanya ta rabu. Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa da ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa Almasihu sarki ne daga zuriyar Dawuda wanda zai sake gina Haikali, babban ɗakin ibada na Urushalima, ya kuma tattaro 'ya'yan Isra'ila da suka warwatsu. Idan ka haɗa wannan da sura ta 2 ta littafin Ishaya, wadda ta ce al'ummai za su daina koyon yaƙi, za ka gane dalilin da ya sa Bayahude yake cewa tunda aikin bai tabbata ba, mai aikin bai zo ba. Kirista kuwa yana cewa zuwan sau biyu ne: na farko na shan wahala da mutuwa saboda zunubin mutane, na biyu na mulki da salama.

Daga nan ka saba wa kanka karanta sura cikakkiya kafin ka riƙe aya guda. Ishaya 7:14, wadda ta ba da alama cewa wata mace za ta yi ciki ta haifi ɗa, kuma Matiyu a Linjilarsa ya danganta ta da haihuwar Yesu, tana cikin labarin Sarki Ahaz na Yahuza ne, lokacin da Rezin sarkin Suriya da Feka sarkin Isra'ila suka haɗa kai suka tasar masa. Aya ta 16 ta ce kafin yaron ya san ƙin mugunta da zaɓen nagarta, ƙasar sarakunan nan biyu za ta zama kufai. Saboda haka malaman Yahudawa suke cewa alamar da aka ba Ahaz dole ta auku a zamaninsa, suna kuma ƙarawa da cewa kalmar Ibrananci da aka kira macen da ita tana nufin matashiya ce, fassarar Girkanci da Matiyu ya bi ita ce ta kawo budurwa. Masu tafsiri da yawa daga Kiristoci sun yarda da ma'anar zamanin Ahaz, amma suna ganin abin da ya faru a lokacin ishara ce ga cikar da ta fi shi girma.

Inda ya kamata ka fi daɗewa shi ne Ishaya 53, zancen bawan Ubangiji da aka raunata saboda laifin wasu. Ka fara daga 52:13, domin rabon surori da muke amfani da shi sai a ƙarni na 13 aka yi shi, kuma ya yanke wannan zance gida biyu. Sannan ka koma baya zuwa 41:8 da 44:1 da 49:3, inda aka kira bawan da sunan Isra'ila ƙarara. A kan wannan ne Rashi, malamin Yahudawa na Faransa da ya rasu a 1105, ya gina tafsirinsa cewa bawan al'ummar Isra'ila ce. Za ka ji ana cewa Rashi ne ya ƙirƙiro wannan ra'ayi don ya kauce wa hujjar Kiristoci, amma ba haka ba ne, domin tun a ƙarni na 3 Orijin, malamin Kirista, ya ba da labarin Yahudawan da suka ba shi wannan amsa. Haka kuma kada ka amince da mai cewa Yahudawa ba su taɓa danganta surar da Almasihu ba: tsohuwar fassarar Aramiyanci ta kira bawan Almasihu a 52:13, ko da yake ta ɗora yawancin wahalar a kan wasu, Talmud ma, kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya kawo 53:4 a zancen Almasihu. A ganina duk wanda ya ɓoye ɗaya daga cikin waɗannan hujjoji bai yi wa mai karatu adalci ba.

Idan ka shiga rubuce-rubucen muƙabalolin da aka yi a tarihi, ka tambayi wanda ya rubuta da kuma wanda mulki yake hannunsa. Tattaunawar Jastin Shahidi, marubuci Kirista, da Bayahude Tirifo a ƙarni na 2, Jastin ne ya rubuta maganar bakin kowa. Muƙabalar Faris ta 1240 kuwa ƙona littattafan Talmud ne ya biyo bayanta. Ta Basalona a 1263, wadda aka yi a gaban Sarki Jems na Ɗaya na Aragon tsakanin Musa bin Nahman, malamin Yahudawa, da Pablo Kiristiyani, Bayahuden da ya koma Kirista, ta bar mana rahoto biyu, na Ibrananci da na Latin, kowanne yana ba nasa nasara, don haka sai ka karanta duka biyun.

A aikace, ka ajiye fassara biyu a gabanka, ɗaya ta Yahudawa ɗaya ta Kiristoci, sannan ka raba shafin littafin rubutunka gida uku: abin da ayar ta ce a cikin surarta, yadda Sabon Alkawari ya yi amfani da ita, da yadda malaman Yahudawa suka fassara ta. Idan ka gama da Ishaya, ka bi Zabura 22 da 110 da Daniyel 9 da wannan tsari, kana ɗauko ra'ayin kowane ɓangare daga littattafan malamansa.