Idan Sautin Laftof Ya Karkata Gefe Ɗaya

Kafin ka taɓa wani saiti, fara gano inda matsalar take. Ɗauko iyafis mai waya wanda ka gwada a wayarka ka ji lafiyarsa ƙalau, ka jona a laftof ɗin. Idan kunnuwa biyu suka fito daidai, zargi ya koma kan sifikar laftof. Idan a iyafis ma gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, to saiti ne, ko direba (manhajar da ke sarrafa na'urar sauti), ko ramin jak da ake jona iyafis.

A Windows, danna maɓallin Windows da R tare, rubuta mmsys.cpl, ka danna Enter. A shafin Playback danna Speakers sau biyu, shiga Levels, sannan Balance. L hagu ne, R dama. Lambobin biyu su zo ɗaya, misali 100 da 100. Na'urar Bluetooth ko ta USB kowacce da nata saitin, don haka gyara na sifika bai gyara nasu ba. Daga nan wuce Advanced ka danna Test: sauti zai fito ta hagu, sannan ta dama. Wannan gwajin ya fi kunna waƙa, domin wasu waƙoƙin da gangan ake karkatar da kayan kiɗansu gefe. A Mac kuwa, Balance yana cikin Sound, ƙarƙashin Output. Mayar da shi tsakiya.

Idan ka daidaita amma ya sake karkacewa, sau da yawa manhajar gyaran sauti da ta zo da laftof ɗin ce ke juya shi. Kashe Audio enhancements. Bai yi ba? Buɗe Device Manager, cire direban sauti, galibi Realtek ne, ka kashe kwamfutar ka kunna, Windows zai mayar da shi da kansa.

Ramin jak mai milimita 3.5 yana tara ƙura, musamman da hunturu, sai kan iyafis ya kasa shiga har ƙarshe, gefe ɗaya ya yi shiru. Hura shi da iska, ban da allura ko wani ƙarfe.

Sifikar da ke ƙarar garau-garau in an ƙara murya, ƙila takardar da ke cikinta mai fitar da sauti ce ta yage, in haka ne sai canji. Wadda ta mutu bayan an buɗe laftof, ƙila an manta ba a mayar da siririyar wayarta a kan bodi, wato babban allon da ke cikin laftof, ba. Kafin ka kai wa mai gyara, kunna Mono audio a Accessibility, ko Ease of Access a Windows 10, duk sautin zai fito ta sifikar da ta rage.